Layin dogon Yamai zuwa Doso: abubuwan da ya kamata ka sani

Bakurfen da ya taso daga Filinge, ya ratsa Baleyara ya shiga Yamai, zai cinye kilomita wajen 180 bai ga dogo ba. Sai in ya sake mota ya nufi Doso ne zai hango ƙarafa biyu suna rakiyar kwalta. Wani wuri rairayi ya binne su, wani wuri awaki na kiwo a tsakaninsu. Jirgin dai ba zai gan shi ba, ko kwana zai yi a bakin hanya.

Daga ina maganar ta samo asali?

Tun zamanin Turawan Faransa. Sun ja layi daga Kwatano, bakin teku, ya kai Paraku a 1936, kilomita 438, ya tsaya cak. Wani layin ya taso daga Abijan, har suka raɗa masa sunan Abijan-Nijar, ya isa Wagadugu a 1954, amma ƙasar Nijar bai taɓa taka ta ba. A 1959 Nijar da Dahome (Benin ta yanzu) suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jiragen ƙasa, wadda daga baya aka sani da OCBN. Haka Nijar ta shekara fiye da hamsin tana da hannun jari a jirgin da ba ya shigowa gida: a sauke kaya a Paraku, manyan motoci su ɗauka, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya.

Wa ya shimfiɗa na Doso?

Kamfanin Bolloré na Faransa, a mulkin Shugaba Mahamadu Isufu. Ranar 7 ga Afrilun 2014 aka buɗe tashar Yamai, shugabannin Benin da Togo suna wurin. A ƙarshen Janairun 2016, saura 'yan makonni zaɓe (mai karatu ya yi lissafinsa), aka ƙaddamar da layin, kilomita 140 da 'yan kai. Nufin shi ne ya zama yanki na babban zobe da zai haɗa Kwatano, Yamai, Wagadugu da Abijan.

To me ya hana shi aiki?

Nan gizo ke saƙa. Amfanin dogo a ƙasar da ba ta da teku shi ne ya ɗauko nauyi daga tashar ruwa: siminti, shinkafa, mai, taki. Tsakanin Doso da Paraku kuwa akwai fiye da kilomita 400 da ba a sa ƙarfe ko ɗaya ba. Igiya ce aka saƙa mai kyau, ba ta kai ruwan rijiya ba. Wane ɗan kasuwa zai sauke kaya daga mota a Doso, ya biya 'yan dako, ya loda a jirgi, alhali motar za ta ƙarasa Yamai cikin 'yan sa'o'i?

Ragowar aikin shari'a ce ta cinye shi. Kamfanin Petrolin na attajirin Benin Samuel Dossou ya ce shi ya riga cin kwangilar. Kotu a Kwatano ta ba shi gaskiya a 2015, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar a 2017. A 2018 Shugaban Benin Patrice Talon ya nemi ɓangarorin biyu su janye a ba 'yan Sin. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar kuma, gadar Malanbil kanta aka rufe.

Akwai batun faɗi. Mita ɗaya ce tsakanin ƙarafan, irin na tsohon layin Benin. Na Kano zuwa Maraɗi da Najeriya ta fara a 2021 faɗinsa milimita 1,435 ne. Ko an haɗa su wata rana, jirgin wannan ba zai hau wancan ba.

Ina ruwan Kurfai?

Dallol Boso, kwarin da Filinge ta ƙasar Kurfai ke zaune a ciki, shi ne layin ya tsallaka can kudu wajen Birnin Gaure. Kusancin ke nan. Arzikin Kurfai a ƙafa huɗu yake: shanun Azawak irin waɗanda ake renon irinsu a Tukunus, raguna, da raƙuman da ke cika kasuwar Baleyara ranar Lahadi. Duk dabbar da za ta kai mahauta a kudu, ko dai a kora ta a ƙafa ta rame, ko a cusa ta a babbar mota a biya tsada. Jirgin da ya kai teku zai rage wannan, ya kuma sauƙaƙa kuɗin buhun siminti da ake kaiwa Filinge.

A ganina laifin ba na ƙarfen ba ne. An fara aikin daga inda za a yanka kirtani a ɗauki hoto, ba daga Paraku inda jirgi yake tsaye ba.