Me Ya Raba Kan Masu Kallon Gasar Squid Game?

A Nuwamban 2023 Netflix ya fitar da Squid Game: The Challenge, gasar gaske da aka ɗauko daga wasan kwaikwayon Koriya ta Kudu na 2021. Mutum 456 suka fafata a Ingila kan dala miliyan 4.56, wata mata, Mai Whelan, ta lashe. Ba a kashe kowa kamar a wasan kwaikwayon, baƙar tawada ce ke fashewa a ƙirjin wanda ya faɗi.

Masu yabo na cewa cin amanar gaske ya fi tsuma rai. Masu suka kuwa, kuma da gaskiyarsu, sun ce asalin labarin tir yake yi da attajirai masu nishaɗi da wahalar waɗanda bashi ya yi wa katutu, sai ga gasar ta zaunar da mai kallo a kujerar attajiran. Fara kallon na asali kafin ka ƙone datarka.