Ma'aikatan Walwalar Jama'a a Ƙaraye da Rogo: Lokaci Ya Yi da Za Mu Gode Musu

Idan ana lissafin ma'aikatan da ke riƙe da gari, za ka ji an ambaci malamin makaranta da malamin asibiti da ɗan sanda da malamin gona. Da wuya wani ya tuna da jami'in walwalar jama'a, wanda mutanenmu suka fi sani da ma'aikacin ofishin walfeya. Ba a neman sa sai ranar da gida ya rikice: miji ya tafi ci-rani ya bar mata da 'ya'ya babu ko tiya ɗaya ta hatsi, ko an tsinci jariri a bakin hanya, ko yaro ɗan shekara sha uku ya faɗa hannun hukuma. A irin wannan rana kowa yakan san hanyar ofishinsa. Da zarar ƙura ta lafa kuma, sai a manta da wanda ya kwantar da ita.

Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo suna yammacin jihar Kano. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 140,000 a Ƙaraye, sama da 220,000 a Rogo, kuma kowa ya san adadin ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Su biyun suna da kujera ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya, su ne kuma ƙasar masarautar Ƙaraye bisa tsarin da gwamnatin jiha ta yi a 2024. Yanki ne na manoma da makiyaya, da masu noman rake a ƙasar Rogo, da masunta a bakin madatsar ruwa ta Challawa. Jama'a sun warwatsu a garuruwa da ƙauyuka, daga Yammedi da Turawa zuwa Zarewa da Fulatan da Zoza. Duk wanda aikinsa shi ne shiga gidajen mutane a irin wannan ƙasa, ba ƙaramin nauyi ya ɗauka ba.

Me suke yi?

Mutane da yawa na ɗauka aikin walwala rabon shinkafa ne da atamfa lokacin azumi. Wannan ɗan ɓangare ne kawai. Asalin aikin shi ne bin matsalar mutum ɗaya ko gida ɗaya tun daga farkonta har a ga bayanta.

A ɗauki ƙorafin da ya fi yawa, wato na ciyarwa. Mace ta zo ta ce tsohon mijinta ya daina kawo abincin yara. Jami'ar walwala za ta saurare ta a keɓe, ta rubuta bayaninta, sannan ta aika a kira mijin ta ji ta bakinsa, domin ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Daga nan sai ta taka har gidan ta ga yaran da idonta: suna cin abinci? Suna zuwa makaranta? Akwai marar lafiya a cikinsu? Sai ta zaunar da su tare da waliyyai, wani lokaci da mai unguwa ko liman, a yi sulhu, a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu. Bayan 'yan makonni ta koma ta ga ko ana cika alkawari. In abin ya faskara, ta miƙa maganar ga kotu tare da rahoton da zai taimaka wa alƙali ya gane gaskiyar halin da yaran ke ciki.

Haka ake bin maganar yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗora mata talla, da tsohon da ba shi da mai duba shi, da mai taɓin hankali da danginsa suka ɗaure a ɗaki don ba su san inda za su kai shi ba, da mai buƙata ta musamman da ke neman keken guragu ko wurin koyon sana'a. Kowace magana tana buƙatar haƙuri da sanin doka da iya baki, sannan da riƙe sirri, wanda shi ne mafi wuya a garin da kowa ya san kowa.

Ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Hausa

Tun kafin a buɗe ofis ko ɗaya, mai unguwa da dagaci da hakimi suna sasanta mutane, ungozoma ta san halin kowane ɗaki, dangi suna riƙon maraya, zakka tana kaiwa ga mabuƙaci. A 2003 jihar Kano ta kafa Hukumar Hisbah bisa doka, wadda ita ma sulhun ma'aurata na cikin manyan ayyukanta. Jami'in walwala bai zo don ya ture ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya ƙara shi ne rubutu da bibiya da sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mai unguwa zai iya sasanta miji da mata a zaure, amma ba lallai ne ya san takardar da ake buƙata kafin a karɓi jariri a gidan marayu ba, ko yadda za a hana a kulle ƙaramin yaro ɗaki ɗaya da manyan masu laifi. A nan ne jami'in walwala yake zama gada tsakanin zauren mai unguwa da hukumomin jiha.

Nisa shi ne babban ƙalubale

Kusan duk cibiyoyin da ake tura mutum suna cikin birnin Kano ko kewayensa. Gidan marayu yana Nassarawa. Gidan ajiye yara masu laifi yana Goron Dutse. Asibitin masu taɓin hankali yana Dawanau. Sashen gyaran yoyon fitsari da cibiyar Waraka, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, suna asibitin Murtala Muhammad. Wadda take kusa ita ce makarantar gyaran tarbiyya ta Ƙiru, maƙwabciyar Ƙaraye.

Ga mutumin birni wannan lissafi ne kawai. Ga matar da ke wani ƙauye a iyakar Rogo da jihar Kaduna, wadda ta shekara tana fama da yoyon fitsari, tana ɓuya saboda kunya, tafiya ce ta kuɗin mota da masauki da neman izinin miji da fargabar birnin da ba ta sani ba. Likita zai iya yi mata aiki cikin 'yan sa'o'i, amma sai an samu wanda ya gano ta, ya lallashi mijinta, ya raka ta, sannan bayan ta warke ya taimaka mata ta koma cikin mutane. Wannan wahalar ba a rubuta ta a allon asibiti, kuma ba a kiran sunan mai yin ta a wurin taro.

Mun taɓa ganin amfanin irin wannan aiki

Yaƙi da shan-inna ya isa misali. A 2003 aka dakatar da rigakafin a jihar Kano saboda zargi da rashin yarda, cutar kuma ta sake bazuwa. Rigakafin yana nan, amma ƙofofin gidaje a rufe suke. Abin da ya buɗe su shi ne sa bakin sarakuna da malamai, da kuma mata masu wayar da kai da suka riƙa bi gida-gida, suna halartar suna, suna zama da iyaye mata har suka amince. Wasu sun biya da rayukansu: a ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi aƙalla tara a birnin Kano. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Waɗannan mata ba duka ke da takardar shaidar aikin walwala ba, amma dabararsu ita ce dabarar aikin: sai an sami yardar mutum kafin a iya taimakonsa.

Yau buƙatar ta koma wasu fagage. Binciken shaye-shaye na 2018, wanda aka yi da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna 'yan Najeriya kimanin miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya yi ƙamari. Kama matashi abu ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne samun wanda zai zauna da iyayensa, ya sama masa sana'a, ya bi sawunsa bayan ya fito daga wurin gyara.

Yadda godiya ta gaskiya za ta kasance

Doka ta riga ta amince da ma'aikatan walwala. A Disambar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta tsara aikin walwalar jama'a da yi wa masu yin sa rajista. A Mayun 2023 jihar Kano ta samu dokar kare haƙƙin yara. Amma doka ba ta hawa babur ta shiga ƙauye. Mutum ne zai kai ta.

Saboda haka godiyar da ta dace ba ta tsaya ga takardar yabo ba. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu su ware wa sashen walwala abin hawa da kuɗin mai, da ɗaki keɓantacce inda mace za ta faɗi damuwarta ba a gaban jama'a ba. A ɗauki mata da yawa a aikin, domin su ne ke iya shiga cikin gida. A tura ma'aikatan ƙaro ilimi, a kuma biya su haƙƙinsu a kan kari. Masarautar Ƙaraye ta umarci dagatai da masu unguwanni su riƙa sanar da jami'an walwala da wuri, tun matsala ba ta zama ta 'yan sanda ba. Ranar ma'aikatan walwala ta duniya tana faɗowa Talata ta uku a watan Maris na kowace shekara. Ya dace Ƙaraye da Rogo su riƙa raya ta, a kira waɗannan bayin Allah da sunayensu a gaban jama'a.

Mu kuma sauran mutane akwai namu rabon. Idan jami'a ta yi sallama a ƙofar gidanka, kada ka ɗauke ta mai tonon asiri ko mai raba aure. Ka shimfiɗa mata tabarma, ka faɗa mata gaskiya, ka cika alkawarin da ka sa wa hannu. Idan kuma ta taɓa share wa wani naka hawaye, ka je ka ce mata an gode, Allah Ya saka da alheri. Yaran da suke karewa namu ne, kuma haƙƙinmu ne mu tsaya musu kamar yadda suke tsaya mana.