Ba Kowane Kumburin Ciki Ba Ne Juna Biyu

Kowane manomi ya san shibra. Tun tana ƙarama, sai mai ido ke raba ta da hatsi. Haka yake ga wasu cututtuka na cikin mace.

Mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a dama, ɗaya a hagu na mahaifa. Wani lokaci ƙari yakan tsiro daga irin da ke zama ƙwai. Wani ƙarin ba ya da lahani sosai, wani kuwa sankara ne. Wannan sankara ba ta cika yawa ba, kuma ƴan mata da matan da ba su kai shekara 30 ba ta fi kamawa.

Ga inda abin yake damun mu. Cikin budurwa ya kumbura cikin ƴan makonni, mara tana ciwo. Sai gida ya ɗauki zargi, a ce ta yi abin kunya. Har ma akwai irin ƙarin da ke sa awon fitsari ya nuna juna biyu, alhali babu komai. Ana ɓoye yarinya a ɗaki, ƙari kuwa yana ta girma. Hoton ciki, wanda muke kira eko, shi ke raba gardama.

Su ma likitoci suna da nasu aikin rarrabewa. A madubin awo, wani irin wannan ƙari yana kama da wata sankarar gidan ƙwai da ta fi kama manyan mata. Saboda haka sukan duba shekarun mara lafiya. Sukan auna jininta su nemi wani sinadari mai suna AFP, wanda ke hawa ƙwarai idan irin wannan ƙari ne. Bayan aiki kuma, a yanki tsokar ƙarin a bincika.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Sankarar manyan mata takan sa a cire mahaifa. Ta ƴan mata kuwa, galibi gidan ƙwan da ya kamu kaɗai ake cirewa, a bar ɗayan da mahaifa, a bi da ƙarin ruwa na magani idan da bukata. In an kama ta da wuri, fiye da 9 cikin 10 suna warkewa, da yawa kuma suna haihuwa daga baya.

Mu fara da likitar da ke kusa. Daga nan ake tura mara lafiya Maraɗi, Damagaram ko Tawa, in ta kama har gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai.