Agajin Ambaliya Watanda Ne

Duk mutumin Randagi ya san watanda. Ana gab da sallah magidanta su haɗa kuɗi, a sayo sa a karar Birnin Gwari, a kayar da shi a gindin bishiya. Mahauci na fiɗa, idon kowa na kan wuƙarsa. A kasa nama kashi-kashi a kan buhu, hanta a yayyanka ta ƙanana don kowa ya ɗanɗana, ƙashi ma ba a jibga wa mutum ɗaya. Wanda ya kasa kuwa ba shi ke fara ɗauka ba. Fata da kai a sayar, a faɗi kuɗin a bainar jama'a.

To, agajin ambaliya ma san watanda ne, daga baitulmali aka sayo shi, da kuɗin kowa. Mu ne dai muka ɗauke shi sadaka, mu karɓi mudu biyu mu yi ta godiya ba mu tambayi girman san ba. Bayan ambaliyar 2012 gwamnatin Jonathan ta ware naira biliyan 17.6. Da ruwa ya ci Mokwa a watan Mayun 2025, mutum fiye da 150 suka rasu, aka sanar da biliyan 2 da tirela 20 na abinci. Bijimai ke nan manya! Sai dai a Abuja ake yankawa, a feɗe a babban birnin jiha, su kuma mutanen ƙauye kullum kukansu wutsiya kawai ke iso musu.

Ma'aikacin hukumar agajin gaggawa ta NEMA, ko da mai tsoron Allah ne, bai san rumbun wa ya faɗi ba, balle a dajin da 'yan bindiga suka yi shekara da shekaru suna tare hanya. Mai unguwa ya sani. Mata sun fi shi sani, su ne suka san mai takabar da ba za ta fito layi ba. Idan ruwa ya kwashe masara, ko ramin zinare ya rufta, a sa mai unguwa da mata a kwamitin rabon agaji. A karanta sunaye bayan sallar Juma'a, a ƙirga buhuna tun suna kan mota, mai riƙe da takarda ya karɓa a ƙarshe. Kafin a sake gini kuma a nemi dattawa su nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa.