TAURARO MAI ƘYAFTAWA A GARKEN TAURARI NA MAƘWABTA

Jama'a da yawa sun san hasken eksire a asibiti, inda likita yake ɗaukar hoton ƙirji ko na karaya da shi. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ne ya gano wannan haske a 1895. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai taurarin da suke fitar da irinsa da ƙarfin gaske. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi, saboda haka ba ya cutar da kowa a ƙasa. Don haka ne kuma sai an harba na'ura can sama kafin a iya auna shi.

Mene ne tauraro mai ƙyaftawa?

Idan babban tauraro ya ƙare makamashinsa yakan fashe, cibiyarsa kuma ta dunƙule ta zama ƙwallo mai faɗin kamar kilomita 20 kawai, amma nauyinta ya ɗara na rana. Wannan ƙwallo yana juyawa da sauri, yana da maganaɗisu mai tsanani, haske kuwa yana fita ta ƙuryoyinsa biyu. Duk sa'ad da ƙurya ɗaya ta fuskanto mu sai a ga kamar ya ƙyafta. Jocelyn Bell ce ta fara gano irin wannan tauraro a Kambirij ta Ingila a 1967.

Ina wannan yake?

Rana tamu tana cikin wani babban garken taurari. Kusa da shi akwai wani ƙaramin garke da ake kira Ƙaramin Gajimaren Majalan, wanda mutanen kudancin duniya suke gani da ido kamar ɓarɓashin gajimare da dare. Haske yakan yi shekara wajen 200,000 kafin ya iso mu daga can. A cikinsa ne kumbon SAS-3 na Amurka ya gano wani tauraro a 1977, aka sa masa suna SMC X-3. Yana juyawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 7.8, yana kuma kewaya wani ƙaton tauraro mai zafi cikin kwana kamar 45.

Me ya faru a 2016?

Shi wannan ƙaton tauraro yana watsar da iskar gas wadda take yi masa zobe. Idan zoben ya yi girma, sai ƙaramin ya riƙa janyo gas ɗin, maganaɗisunsa ya bi da shi zuwa ƙuryoyin nan biyu. Gas ɗin yakan faɗa da ƙarfi har ya yi zafin da zai fitar da hasken eksire. A watan Agusta 1916 ba a san da wannan ba. Amma a watan Agusta 2016 na'urar MAXI ta Japan, wadda take maƙale a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ta ga tauraron ya tashi da haske farat ɗaya. Nan da nan aka juya kumbunan Swift da NuSTAR wajensa. An yi watanni ana bin sa, aka ga ƙarfin haskensa ya fi na rana ninki fiye da 100,000, juyinsa kuma ya ƙara sauri saboda gas ɗin da yake zubo masa.

Me ya sa masana suka damu?

Akwai ƙa'idar da aka sa wa sunan masanin Ingila Arthur Eddington, wadda ta ce haske yana da iyaka, domin in ya yi yawa shi kansa zai kore gas ɗin da yake ciyar da shi. SMC X-3 ya wuce wannan iyaka ninki-ninki. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, maganaɗisu yana tara gas ɗin kamar ginshiƙi a kan ƙurya, haske kuwa ya fita ta gefe, bai tare hanyar gas ba. Da yake an san nisan wannan garke sosai, an iya lissafa ƙarfin hasken ba tare da shakka mai yawa ba. Wannan awo yana taimakon masana su fahimci waɗansu taurari masu irin wannan haske a garkuna masu nisa ƙwarai, waɗanda da ake zaton duka ramuka ne baƙaƙe masu haɗiye haske.