Gidan Makama Na Kano: Ginin Ƙasa Da Ya Haura Shekara 500

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano ba zai rasa ganin wani gini mai kaurin bango da zankwaye a kansa ba. Wannan shi ne Gidan Makama, wanda masana tarihi ke danganta asalinsa ga Muhammadu Rumfa, Sarkin da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. An ce a nan ya zauna kafin ya gina Gidan Rumfa, wato fadar da sarakuna ke ciki har yau. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun mai da wani sashe na gidan ofis. Yanzu kuwa gidan adana kayan tarihi ne, a hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979, kuma doka ta hana a rushe shi ko a sauya masa kama.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a duba shi ne rufin ɗakunan. Magina na dā ba su da ƙarfe, ba su da siminti, sai azara da ake tsagowa daga itacen giginya, wadda gara ba ta cin ta da sauƙi. To, amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. Saboda haka sai su dasa azara a jikin bango, su ɗaura wata a kanta tana ɗan zarcewa, su bi da wata, har baka ya tashi daga wannan bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya. Sa'an nan a lulluɓe shi da ƙasa. Wannan shi ake kira bakan gizo. Idan bakuna da yawa suka sarƙe da juna sai a sami ɗaurin guga, ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi ya tsaya a tsakiyarsa ba. Ɗaliban kwalejojin fasaha da ke haddace lissafin gadoji a takarda, ga shi nan an yi shi da itace da laka.

Bangon kuwa da tubali aka yi shi, mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da ya yi sama. Shi ya sa ko a tsakiyar bazara zauren ke da sanyi.

Sai dai ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Ruwan Agusta na zaizaye shi, kuma indararo ɗaya in ya toshe ya isa ya jiƙa azara har rufi ya rufta. Maganin da aka gada shi ne yaɓe a kan kari, da makuba ta ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina. Wasu na ganin shafen siminti ya fi sauƙi, alhali kuwa siminti ba ya kama laka sosai. Yakan tsage, ruwa ya shige ta baya ya rasa mafita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Ga shi kuma maginan da suka san ɗaurin bakan gizo suna ta ƙaranci, domin samari sun koma wajen bulo da kwano, inda aiki ya fi samuwa. Doka ta hana gatari taɓa gidan, amma kuɗin yaɓe da ladan magina sai an sa su cikin kasafin kowace shekara kafin ruwa ya sauka.