Adana takardu a faifai: tun ran gini, tun ran zane

A Tabotaki, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, kamar sauran garuruwan Adar, gara da ƙura da ɗigon damina su ne abokan gabar takarda. Saboda haka ma'aikacin da ya naɗa rajistar haihuwa ko littattafan yaƙi da jahilci a faifai ya yi dabara. Amma kafin kwamfuta ta soma naɗi, sai an zaɓi tsarin da za a jera fayiloli da shi. In aka zaɓa ba daidai ba, faifai yana iya ƙin buɗuwa a wani ofishi.

Tsari na farko shi ne ISO 9660, na shekarar 1988. Kusan kowace na'ura tana karanta shi. Sai dai a matakinsa na farko sunan fayil ba ya wuce baƙaƙe 8, da 3 na ƙarshe, kuma bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Don haka sunaye sukan guntule har a kasa gane su.

A 1995 kamfanin Microsoft ya ƙara masa Joliet, wanda ke karɓar baƙaƙe 64, har da masu lanƙwasa na Hausa. Masu aiki da Linux kuwa suna da Rock Ridge. Ana iya haɗa su duka a faifai guda.

Sai UDF, wanda aka yi DVD da Blu-ray a kansa. Shi ya dace da fayil da ya kai gigabait 4, kamar dogon bidiyo, wanda ISO 9660 na yau da kullum ba ya ɗauka. To, amma a lura: Windows XP ba ta karanta UDF 2.50 da kanta, sai daga Vista.

Shawara ita ce a dubi kwamfuta mafi tsufa da za ta karɓi faifan, a Buza ko Madawa ko Keita, a zaɓi abin da take iya karantawa. Ga takardu a CD mai megabait 700, ISO 9660 tare da Joliet ya wadatar. Ga manyan fayiloli a DVD, a ɗauki UDF 1.02.

Abin da aka naɗa a CD-R ba ya gyaruwa. Saboda haka a rufe naɗin, a gwada faifan a wata kwamfuta kafin a share na asali, a yi kwafi 2, a ajiye su nesa da rana. Takardar haihuwa da ta ɓata na iya hana yaro zaman jarrabawa.